Gajiyar da Barci Ba Ya Warwarewa

A cikinmu wa ya taɓa amsa gaskiya idan aka ce masa ina gajiya? Mutum ya wuni yana sauke buhunan masara a Dawanau, ƙashin bayansa na neman rabewa biyu, da safe maƙwabci ya ce ina gajiya, sai ya washe baki ya ce ba gajiya. Matar da ta kwana uku kan tukwanen biki, idonta ya yi jajir da hayaƙi, ita ma ba gajiya. Amma bari a idar da gaisuwa a baje tabarma a majalisa, nan za ka ji an buɗe kasuwar ƙorafi, wannan ya ce kwankwaso, wancan ya ce gwiwa, kana cewa yau jikinka babu daɗi wani zai tare ka da ai ba ka ji nawa ba, kafin ka ankara an ƙwace maka ciwonka an shiga gasar wa ya fi wa shan wuya. Duk muna yi, babu wanda zai ɗaga hannu ya ce ban da shi.

Kuma kowannenmu likita ne a unguwarsu. Da ka ce kasala, ba a jira ka ƙarasa, an gama bincike: maleriya ce da taifot. Su biyun nan a tare muke ambatonsu kullum, ɗaya ba ta zuwa ba tare da ɗaya ba. Sai a wuce kemis, ka dafa kanta ka ce, “Malam, haɗa min na ciwon jiki.” Shi kuma ya yago fari biyu, ja ɗaya, wani mai ruwan ɗorawa, ya ƙulle a farar leda ya ce ka sha bayan ka ci abinci, ba ka tambayi sunan ko ɗaya ba, ka biya ka yi godiya. In ba a ji sauƙi ba a ce allura, in allura ta gaza a ce ƙarin ruwa, don mu a wurinmu wanda aka rataya wa leda ya ga ruwa na ɗiga, shi ne aka yi wa magani. Gwaggo ta aiko da jiƙo, Inna ta ce shawara ce, Kawu ya ce basir ne ya hau sama, maƙwabciya ta haɗa maltina da madara ta ce jini ne ya yi ƙasa. Gwajin taifot ɗin nan na Widal da muke riƙe takardarsa da alfahari, likitoci sun daɗe suna cewa shi kaɗai ba ya isa hujja, yana yawan nuna cuta a jikin wanda ba shi da ita. Duk da haka akwai mutanen da suka sha maganin taifot sau da yawa a shekara guda, gajiyar kuma tana nan inda take.

To a nan ne halinmu yake sauyawa. Muddin takardar asibiti ta nuna wani abu, muna da tausayi har ya yi yawa. Ranar da aka auna jini, aka ɗauki hoto, aka ce ba a ga komai ba, sai mu rabu gida biyu. Rabinmu su yi ƙasa da murya su ce wannan ba na asibiti ba ne, an sa hannu, ko jifa ne, ko iska. Ɗaya rabin su taɓe baki su ce son jiki ne kawai. Idan mace ce a ce ta cika raki, ko aikin gida take gudu. Idan namiji ne ya fi shan wuya, don za a ce ya zama rago, ƙato da shi yana kwance rana tsaka yaransa na kallo. Mun yarda da ciwon da ya kumbura, mun yarda da wanda ya fitar da jini, wanda ba ya nunawa a fuska kuwa sai mai shi ya yi ta rantsuwa.

Alhali akwai cututtuka biyu da haka halinsu yake, gwajin yau da kullum ba ya kama su. Ta farko ita ce cutar gajiya mai naci, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ME/CFS. Ta biyu ita ce faibiromayaljiya, ciwon jiki na ko'ina. Suna kama da juna, sau da yawa ma sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma dukansu sun fi kama mata.

Gajiyar cuta ta farkon ba irin wadda muka sani ba ce, ta manomi da ya yi wanka da ruwan zafi ya kwanta ya tashi garau. Mai wannan cuta zai yi barcin awa goma ya farka kamar bai runtsa ba. Ƙarfinsa ya ragu ƙwarai daga yadda aka san shi, watanni suna tafiya hutu bai dawo da shi ba. Kansa ya yi nauyi, ya ɗauko magana ta ɓace masa a tsakiya, lissafin da yake yi da ka a shago yanzu sai ya maimaita sau uku. Wasu in sun daɗe a tsaye, a layin banki ko a sahun sallah, sai jiri ya ɗebe su, zuciya ta hau bugawa, ba su samun sauƙi sai sun zauna ko sun kwanta. Wasu hasken fitila da ƙarar talabijin ma azaba ne a gare su. Sau da yawa abin yana somawa ne bayan wani zazzaɓi, zazzaɓin ya tafi, mutumin bai koma daidai ba. Bayan annobar korona ta 2020 an ga mutane da yawa a duniya da suka warke daga cutar amma suka zauna da irin waɗannan alamu.

Babbar alamarta kuwa ita ce ta fi jawo wa masu ita baƙin jini a wurinmu. Ku ɗauki matar da ƙanwarta ke aure. Ta san jikinta, amma ina za ta kai surutun dangi in ba ta je ba? Ta daure ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta sa ankon da aka fitar, ta je ta zauna, ta yi dariya, ta raba shinkafa, aka yi hoto da ita. Ranar ba ta faɗi ba. Washegari da yamma ko jibi sai jikin ya rushe gaba ɗaya, ɗaga kofi ya zama aiki, gaɓoɓi su ɗauki zugi, maƙogwaro ya yi zafi, ta kwana huɗu ko mako ba ta iya ko share ɗakinta. Sai uwar miji ta leƙo ta ce, “Ke 'yar nan, ba ke na gani shekaranjiya kina ta kai da kawo a gidan biki ba? Wato ƙarfin na gidanku ne.” Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, “Ki yi haƙuri Hajiya, wallahi ba da gangan ba ne.” Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne, zuwa bikin ne ya kwantar da ita. Wannan rushewar takan zo ne bayan awa 12 zuwa 48 da yin aikin, ko aikin jiki ne ko na ƙwaƙwalwa, kuma takan ɗauki kwanaki ko makonni. Ƙarfin irin wannan mata awo ne kamar mudun gero ɗaya da za a ci mako, in aka tuƙe shi rana ɗaya saboda baƙi, sauran kwanakin sai haƙuri. Mu kuma ranar baƙin kawai muka gani.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne, na masu jin daɗi. Su ma can sun daɗe suna ƙaryata masu ita. A 1955 wata cuta ta kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, akasarinsu mata masu jinya, har aka rufe asibitin na ɗan lokaci. A 1970 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu suka rubuta cewa firgici ne kawai ya bi matan, alhali ba su duba ko majinyaciya ɗaya ba, takardu suka karanta. Shekara guda kafin nan, a 1969, Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta saka cutar cikin jerin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A 2015 wata babbar cibiyar likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto ta ce cuta ce ta jiki mai tsanani, ta ƙiyasta masu ita a ƙasar tsakanin 836,000 zuwa miliyan 2.5, mafi yawansu ba a ma gano abin da ke damunsu ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita sukan kai matsayin da ba sa iya fita daga gida ko tashi daga gado. A Najeriya ma an yi bincike da aka wallafa a 2007, an kuma same ta a cikinmu.

Ita kuwa faibiromayaljiya, ai kalamanta kullum suna kunnenmu. “Duk jikina ciwo yake, kamar an yi min duka.” Ka tambayi ina ne, ta nuna wuya, ta nuna kafaɗa, ta nuna baya da cinya, gobe kuma ya koma wani wuri, sai mu ce ciwon ƙarya ne tunda ba ya tsayawa waje ɗaya. Ciwo ne da ke bin sama da ƙasa, dama da hagu, ya wuce wata uku, tare da gajiya, rashin barci mai daɗi, ciwon kai, kumburin ciki, yau gudawa gobe taurin bayan gida, hannu da ƙafa suna tsitstsira, ga mantuwa, ta zuba gishiri a miya sau biyu ko ta manta ba ta zuba ba. Gaɓoɓin ba su kumbura ba, ƙashi bai lalace ba, shi ya sa hoto ke fita tas. Matsalar tana ga yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi, suna ninka shi, har taɓin da wani ba zai ji komai ba ita ya sa ta ƙara. A 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka suka ware wurare 18 a jiki da ake dannawa, in 11 sun yi zafi sai a ce ita ce, daga baya a 2010 suka sauya tsarin suka koma duba yaɗuwar ciwon da sauran alamu. Ana ƙiyasta tana kama mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100. Ku ƙirga matan gidan suna ɗaya ku gani.

Mu kuma me muke yi? Mu ce sanyi ne, mu kira yaro ya hau bayanta ya tattaka, mu kira wanzami ya kafa ƙaho, mu mulke ta da man zafi har idon kowa a ɗakin ya yi ruwa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin kemis ɗin nan da ake sha safe da yamma wata da watanni. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, kuma ba sa yi wa wannan ciwon wani abin kirki. Daga nan wasu ke zarcewa tramadol, kuma duk mun ga abin da ya yi wa 'ya'yan unguwa. Akwai magungunan da likita kan gwada, kamar amitriptyline kaɗan da dare, ko duloxetine, ko pregabalin, amma ba abin da za a saya a kanta ba ne don an ji suna.

Sai shawarar da kowannenmu ke da ita a bakin leɓe: tashi ki motsa jini. Ga mai faibiromayaljiya, motsi a hankali, ɗan tattaki da miƙe gaɓoɓi, yana taimakawa sosai in an bi shi sannu a hankali. Ga mai gajiya mai naci kuwa, tilasta masa ƙara aiki kullum na iya jefa shi baya. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu wannan cuta, ta ce mutum ya san iyakar ƙarfinsa ya tsaya cikinta, ya huta tun kafin ya rushe. Daidai ruwa daidai tsaki. Addininmu ma ya sawwaƙe wa mara lafiya ya yi sallah a zaune ko a kwance, amma mu ba ma sawwaƙe wa suruka wanke-wanke.

Dubiyarmu ma abin dubawa ce. Makon farko mu cika ɗaki mu goma, da lemo da ayaba, kowa na magana, yara na tsalle a kan katifa, mara lafiya dole ta tashi zaune ta amsa ya jiki sau goma, kowanne ta ce da sauƙi. Mun tafi mun bar ta da gajiyar kwana uku. Ciwo ya wuce wata biyu kuwa sai ƙafa ta ɗauke, a koma cewa har yanzu wance ba ta tashi ba? Lokacin da ta fi buƙatar wanda zai ɗebo mata ruwa ya kai yara makaranta, lokacin ne babu kowa.

Babu mai hana addu'a da tofi, a yi, a ƙara. Amma a haɗa da asibiti, don ba kowace gajiya ce wannan ba. Ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, ciwon hanta, tarin fuka, ƙanjamau da ciwon damuwa duk suna kawo kasala, kuma ana iya gano su a yi magani. Sai likita ya kawar da su kafin ya ambaci waɗannan biyun. Har yau babu maganin da ke warkar da su gaba ɗaya, amma ana rage wahalarsu, kuma wasu suna samun sauƙi da tafiyar lokaci.

Don haka Yaya, Gwaggo, Malam mai gida, idan akwai irin wannan mutum a gidanku, ku ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda jikinsa ya kasance kwana biyu bayan nan, ku raka shi wurin likita da littafin a hannu. In mace ce, ta ce ba za ta iya zuwa biki ba, ku karɓi uzurinta, ku aika mata da nata abincin gida.