Ladubban Zaɓen Albasa Domin Goron Sallah

Waɗanda suka zauna da Faransawa sun ruwaito cewa idan bikin Kirsimeti ya gabato, mutumin da yake son girmama amininsa yakan shiga kantin giyar inabi ya ɓata rabin yini yana jujjuya kwalabe, yana tambayar sunan gonar da aka tsinko inabin, da shekarar da aka matse shi, har da irin damunar da aka yi a wannan shekara. Kuma tun 1855, zamanin Napoliyon na Uku, suka jera manyan gonakin yankin Bordo hawa biyar bisa daraja, jerin da har yau ba a taɓa shi ba sai kaɗan. Abin da ke cikin kwalabar haramun ne a gare mu da nassi, babu jayayya. Amma himmar da suke yi wajen zaɓe abar koyi ce, kuma tun da Allah ya arzuta kwarin Magiya da albasar Galmi, wadda ake lodinta a manyan motoci zuwa Akara da Kumashi da Abijan da Kwatano, na ga ya wajaba in tsara ƙa'idodin zaɓenta domin wanda yake da amini ma'abocin albasa, ya kuma ƙudura kai masa goron Sallah da zai fi shadda da turare faranta masa rai.

Kada wani ya raina kyautar. Ya zo a Suratul Baƙara cewa Banu Isra'ila, alhali ana saukar musu da mannu da salwa, sun roƙi Annabi Musa, aminci ya tabbata a gare shi, abubuwan da ƙasa take tsirarwa, kuma albasa tana cikin abin da suka ambata. An zarge su a kan haka, kuma zargin ya dace da su, sai dai ƙissar ta isa hujja cewa begen albasa tsohuwar cuta ce a zukatan 'yan Adam.

Rukunin farko shi ne isnadi, kuma a nan mafi yawan masu kyauta suke halaka. Irin Galmi ya bazu, ana shuka shi a Burkina da Mali da Senegal, har wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman a rubuta masa sunan a matsayin mallakarsa a hukumar OAPI da ke Yawunde, sai da Nijar ta tashi tsaye aka hana shi, daga baya kuma hukumar ta yi wa sunan rajista da sunan ƙasar da ta haife shi. Saboda haka faɗin dillali cewa “wannan 'yar Galmi ce” ba ya wadatarwa, domin kowace albasa mai launin shuni tana zama 'yar Galmi da zarar ta hau titin da ya tashi daga Ƙonni zuwa Madawa. Sai ka zauna a kasuwar Tsarnawa, ko a bakin hanya a Galmi kanta, ka gaisa da dillalin gaisuwa mai tsawo, ka tambayi iyali da gajiya, sannan ka ce, “Alhaji, don Allah wace fadama ce ta haifi wannan, kuma ruwan rijiya ta sha ko na madatsa?” Idan ya ambaci manomin da garinsa ba tare da ya ɗaga kai sama ba, ruwayarsa ta inganta. Idan ya ce, “Malam, ai ni ma daga wani na saya, shi kuma daga direba,” to isnadi ya yanke, kuma direba a wannan fanni ba a karɓar shaidarsa. Idan kuwa ya ce daga Illela ta fito, sai a nemi bayani, domin Illela biyu ce, ta jihar Tawa da ta jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka, kuma dillalin da ya ƙware yakan bar mai saye ya zaɓi wadda ransa ya fi so.

Bayan isnadi sai matani, wato jikin albasar. Jahili yakan ruga ga mafi girma, alhali ƙatuwar albasa sau da yawa takin zamani da ruwa aka ɗura mata har gab da cirewa, ta kumbura ta zama sarauniyar kasuwa yau, bayan sati uku kuma a ji labarinta daga ƙofar gida. Ma'aboci matsakaiciya yake nema, mai ɗan faɗi, mai nauyi a tafin hannu, wadda ɓawonta ya bushe har yana ƙara idan an motsa buhun, wuyanta siriri ne a rufe, kuma idan an danna kafaɗarta da babban yatsa ba ta lotsawa. Mai kaurin wuya, wadda ta riga ta fitar da karan fure a gona, abar ƙi ce bisa ijma'i. Game da tagwaye, wato biyu a cikin riga ɗaya, an yi saɓani: mata sun halatta, masu ajiya sun hana, ni kuma ina tare da masu ajiya. In dillali ya yarda, a yanka guda a kawo ta kusa da fuska. Wadda ba ta sa dattijo mai rawani ya share ido a bainar jama'a ba, a bar ta ga masu shayi da ƙwai.

A mas'alar shekaru muka rabu da Faransawa rabuwa ta har abada, domin su suna alfahari da kwalabar da ta girmi mai shan ta, mu kuwa duk wanda ya kai wa amininsa albasar bara ya kai masa lawashi ne da wari. Ana dashe a cikin sanyi, ana cirewa wajen watan Maris da Afrilu, sannan a jera ta a rudu, inda iska take ratsa ta ta ƙarasa bushewa. Wata biyu zuwa uku a can shi ne balagarta, abin da ya wuce wata shida kuma tsufa ne. Tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Sallah tana zagaya dukan lokuta, kuma mai rabo shi ne wanda Layyarsa ta faɗo a ƙarshen bazara kamar ta 2025, lokacin da albasa ta nuna kuma farashinta bai hau ba. Wanda Layyarsa ta faɗo bayan damina, sa'ad da rudu ya kusa zama wofi, to ya auna zumuncin da kyau kafin ya taya, don mai yiwuwa rago ya fi masa sauƙi.

Buhu ya zama mai hula, wato wanda aka cika har ya tumbatsa aka ɗinka masa ƙari a ka, gama buhu tsirara alamar rowa ce. Amma a sa yaro ya zazzage shi a gabanka, saboda sanannen abu ne cewa salihai suna sama, fasiƙai suna gindi.

Saura lokacin miƙawa. Malamai sun karhanta wa wanda ya ci ɗanyar albasa shiga masallaci, ma'aboci na gaskiya kuma ba ya iya kwana da sabon buhu bai ɗanɗana ba. Don haka wanda ya kai kyautarsa daren jajibere ya jefa amininsa cikin fitina, ya kuma ɗauki alhakin sahu guda a filin Idi. Abin da ya fi shi ne a jira a sauko, a yanka, a giciye raguna a jikin itace kewaye da wuta, mata kuma su ɗora suyar kayan ciki. A daidai wannan sa'a amalanke ya tsaya a ƙofar gida, a yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Kada ka faɗi kuɗin da ka biya sai an tambaye ka sau uku, kuma kada ka aiko yaro washegari wai a ba shi buhun.