Masu Ɗura Tanki a Hamadar Arizona

Duk watan Janairu, dattawan Amurka masu gudun sanyi kan cika garin Quartzsite na jihar Arizona da motocinsu masu ɗakin kwana, kicin da banɗaki. A dajin da suke yada zango babu famfo. Da zarar tankin lita 150 ya ƙafe, sai attajiri ya koma ɗan ga-ruwa: ya shiga gari ya ciko jarkoki, sannan ya nemi dabarar ɗura su a tanki. A nan hali ke fitowa.

Akwai Malam Lissafi. Ya san ɗan injin Shurflo mai aiki da batirin mota yana tura kusan lita 11 a minti, don haka kafin kwatan awa tanki ya cika. Abin da bai lissafa ba shi ne wata uku da ya shafe yana kwatanta injuna a intanet, uwargida kuwa tana wanka da kofi.

Sai Sarkin Ƙarfi, mai cewa inji na raggaye ne. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, amma haka zai saɓa ta a kafaɗa yana tsiyayawa ta mazurari, rabi a tanki rabi a takalmi. A jarka ta huɗu ƙugu ke amsawa. Kuɗin injin a man zafi suke ƙarewa.

Marowaci kuwa ɗan famfon roba yake saya, wanda ake ɗaurawa a bakin injin huda katako. Idan ya juya babu ruwa a cikinsa sai ya ƙone. Bana ya sayi uku.

Na fi tausayin Mai Son Girma. Injin fetur ya kinkimo, irin wanda manoman rani ke ban-ruwa da shi a Kadawa. Bakin tanki ƙarami, ruwa kamar an ɓalle dam, sai ya dawo masa a fuska har da tabarau.

Ga kuma Mai Tsantseni da farin tiyonsa na ruwan sha, wanda ko ƙasa ba ya bari ya taɓa.

Na ƙarshe bai taɓa sayen komai ba. Da hantsi yake bayyana da murmushi: "Maƙwabci, injin nan naka yana kusa?" Duk injin da ke zangon ya are shi ya gwada, shi ya sa har Malam Lissafi wurinsa yake zuwa neman shawara.