Rumbun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata bazara, ana dab da saukar ruwa, Bushiya ta tashi da asuba ta tarar an fasa mata rumbu ta gindi. Dami goma na gero, har da wanda ta ware don iri, babu ko zangarniya. Sawu kuwa bai ɓuya ba: ga yatsu zara-zara a kan laka, ga jan wutsiya. Kafin hantsi Kura, sarkin dogarai, ta iso fada da ɗan Biri a ɗaure.

Nan da nan aka gama shari'a. Dila, malamin daji, ya duba littafi ya ce damina uku a ramin Kura. Zaki ya gyaɗa kai, fada ta ɗauka, "Ya yi daidai, manyan dawa!" Bushiya tana can baya a rakuɓe. Tambaya ɗaya aka yi mata, "Rumbunki ne?" Ta ce i. Aka ce ta koma ta zauna.

Ramin Kura kuwa kowa ya san shi. Wanda ya shiga da satar gero, in Allah ya yi ya fito, da ilimin satar awaki yake fitowa. Tuwon da dangi ke kaiwa, rabinsa a bakin ƙofa yake tsayawa.

Kwana uku bayan haka Shamuwa ta dawo daga kudu, ta sauka kan kuka. Kowa ya san in an ga Shamuwa ruwa ya kusa, sai aka shiga gyaran sungumi. Ta leƙo ƙasa ta ga Bushiya zaune gaban rumbu ta yi tagumi.

"Iya, lafiya? Na ji an kama ɓarawonki."

"An kama shi, 'yar nan. To shi zan shuka?"

Shamuwa ta wuce fada ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a hanyata ta kudu nakan ratsa wata ƙasa mai duwatsu, Ruwanda. A 1994 aka yi kisan ƙare dangi a can, aka kashe rai kusan 800,000 cikin kwana ɗari. Aka cika gidajen yari da mutum fiye da 100,000, alƙalai kuwa 'yan kaɗan suka rage. Sai suka koma ga zaman gargajiyarsu, Gacaca, daga 2002 zuwa 2012. A fili ake zama, unguwa ta zaɓi masu yanke hukunci daga cikinta. Wanda ya faɗi gaskiya gaban waɗanda ya zalunta akan rage masa ɗauri, ya biya saura da aikin gayya. Akwai uwayen da sai a nan suka san inda aka binne 'ya'yansu. Ba zan ɓoye maka ba, an tsorata shaidu, an yi wa wasu ƙage. Amma wanda aka cuta an bar shi ya yi magana."

Kura ta yi tsalle. "In aka saki ɓarawo yau, gobe kowa ɓarawo ne!"

"Wa ya ce a sake shi? Na ce a kawo shi gaban mai rumbu."

Dila ya shafa gemu ya ce shi ma ya tuna, ko a ƙauyukan mutane in shanu suka shiga gona, dagaci da arɗo kan je su ga ɓarna da idonsu, a kimanta, a biya. Da ma littafin nasa akwai babin sulhu, bai dai cika buɗa wajen ba.

Aka zauna gindin tsamiya. Ɗan Biri ya zo ya rame, uwarsa na gefe ta rufe fuska. Aka ce Bushiya ta fara. Kowa ya zaci lissafin dami za ta yi.

"Wa ya aiko ka?" in ji ta. "Kurege ne?"

Ashe tun ranar ba ta barci. Ta daina gaisa da Kurege maƙwabcinta, don shi kaɗai ya san inda iri yake.

"Babu wanda ya aiko ni, Iya."

"To me ya sa nawa, duk rumbunan garin nan?"

Ɗan Biri ya daɗe yana tonon ƙasa da yatsa. "Naki ne mai gajeren gindi. Kuma an ce kunnenki ya yi nauyi."

Bushiya ta dunƙule, ƙayoyinta suka miƙe, aka jira ta har ta ware. Da ta ware sai ta juya ta ce, "Kurege, ka yafe mini." Sannan ta tambayi ina geron. Nan fa zance ya fito wanda Dila bai taɓa nema ba: Gizo ne ya saye shi a rabin kuɗi, ya sussuke, matarsa Ƙoƙi ta auna a kasuwa. Aka waiga inda Gizo yake zaune ɗazu yana ta "a kashe ɓarawo", sai tabarma.

Giwa ta gyara murya. "To shi ke nan, Bushiya, yaro ya yi nadama. A yi haƙuri, a yafe, komai ya wuce."

Irin su Giwa sun fi Kura ɓata sulhu. Haƙurin da suke rabawa kullum daga aljihun ƙarami suke zaro shi, su tashi taro kowa na yaba musu, mai rumbu ya koma gida hannu rabbana.

"Hajiya babba," in ji Bushiya, "rumbunki aka fasa? Yafiya tawa ce, ranar da na ga dama. Yau gero nake nema."

Ita ta faɗi abin da take so. Ɗan Biri ya kwaɓa laka ya liƙe ramin da hannunsa, ya ɗaga gindin rumbun, ya sake jinka. Iri a karɓo daga gidan Ƙoƙi kafin ruwan fari. Ya yi mata noman fari da maimai, da kaka ya cika dami goma daga gonar uwarsa. In ya tsallake ɗaya, ramin Kura na nan. Sannan ya yi mata gadin gona. Da aka ji Biri da gadin gona fada ta fashe da dariya, har Zaki. Bushiya ta ce, "Wa ya fi shi sanin ta inda ake shigowa?"

Aikin bai zo da sauƙi ba. Lakar farko ta tsage don ya yi ƙyuyar zuba ciyawa, ta sa ya rushe ya sake. Sau biyu Kurege ya kama shi da goruba a baki lokacin aiki. Amma duk daminar nan ko ɗan biri ɗaya bai taka gonar ba.

Da kaka ya kawo dami bakwai, don ruwa ya ɗauke da wuri, aka rubuta masa uku sai baɗi. Kura tana ta yawo tana cewa an lalata shari'a. Gizo an ce an gan shi a wata kasuwa yana sayar da iri. Bushiya kuwa takan amsa gaisuwar ɗan Biri, ranar aiki ta ajiye masa kunu a bakin rumbu, amma har yau ba ta ce ta yafe ba.

Ƙurunƙus kan kusu.