Layin Wa Ne a Gindin Dalbejiya?

A Amurka, masu wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, a yau sai kowa ya jefa ɗan lido mai fuska 20 kafin a san wa zai fara kai hari, kuma suna ta neman yadda za su rage wa kansu wannan wahala. Da sun leƙo ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa bayan an kai gero rumbu, da sun ga dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Ana yi bi da bi, wanda ya jera uku ya cire wa abokin karawarsa ɗaya. Wanda aka cinye ya tashi, na gaba ya zauna.

Dokar ke nan. 'Yan wasan ne dai ba su yarda ta tsaya haka ba.

Akwai mai ajiye takalmi. Tun hantsi ya bar silifas ɗinsa ƙafa ɗaya a bakin tabarma ya wuce Dawanau sayar da riɗi. Da la'asar zai dawo yana cewa, "Malam, matsa, ai takalmina ya riga ka."

Sai mai dogon nazari, wanda ya fi kowa cin rai. Zai ɗaga tsinke, ya riƙe shi a sama, ya murza gemu, ya tambayi farashin taki. In ya ajiye aka yi shewa, sai ya fizge abinsa: "Ban saki ba!" Inuwa za ta bar wurin, shi bai bar gurbi ɗaya ba.

Gwanin gefe kuwa bai taɓa zama ya buga ba, amma hannunsa ya fi na masu wasan shiga gurbi.

Dattijo ba ya bin layi. Da ya yi gyaran murya sai a ce, "Baba, bismilla," kuma ko an cinye shi babu mai ƙarfin halin cewa ya tashi.

Wanda ya fi su dabara shi ne mai kunnen ladan. In yana ci, ba ya jin kiran salla sai an taɓa shi. In 'ya'yansa sun koma uku, shi zai fara jiyo ladanin ƙauyen gaba, ya miƙe da sauri, gefen babbar rigarsa ya share gurabun gaba ɗaya.