Wasiƙa Zuwa ga Taubashina Mai Son Dogon Ido

Takarda ta fito daga hannun ɗan gwaggonka mazaunin Abijan, unguwar Ajame, zuwa ga taubashinsa, ɗan kawunsa, sabon sarkin masu ɗaukar biki na Kore Mairuwa da kewayenta, wanda har yau bai biya kuɗin sharar bara ba, balle a yi zancen na bana. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci, da fatan alheri ga Kawu da Inna da sauran mutanen gida manya da yara, tare da tambayar yadda kuka ga kaka, ko gero ya cika rumbu, ko wake ya tsira daga tsutsa.

Bayan haka, saƙon muryarka ya iso gare ni, na kuwa saurare shi a gaban abokan sana'a, aka yi dariya har mai garba na bakin shagonmu, wani dattijo mutumin Matankari, ya bar kifinsa a wuta ya zo jin abin da ya faru. Ka ce tun da ka sayo kamera Canon ta hannu a Yamai, mutane kuma sun soma kiranka biki daga Tibiri har Geceme, lalle in sayo maka irin farin idon kamerar nan dogo da ka gani a telebijin a hannun masu hoto bayan raga, lokacin gasar ƙwallon Afirka da aka yi a nan Kodebuwa a farkon 2024, domin a cewarka duk wanda ya shiga taro da shi a kafaɗa, tabarma za a shimfiɗa masa kusa da liman.

Allah ya shirye ka, taubashina, ka san abin da ka roƙa kuwa? Wannan abu da ya tsone maka ido mai milimita 400 ne, nauyinsa ya kusa kilo uku, kuɗinsa miliyoyin sefa ne waɗanda ko an sayar da shanun Kawu har da amalanke ba za su cika ba, an kuma ƙera shi ne domin ya jawo mutumin da ke can ƙarshen fili ya ajiye shi a gabanka. Idan ka tsaya da shi a tsakar gidanmu, inda daga bakin zaure zuwa ƙofar Inna bai wuce taku goma ba, abin da za ka kai wa ango da sunan fim ɗin aurensa shi ne fuska ɗaya, ba kallabi ba wuya. In ka shiga ɗaki kuwa, ɗan kunnen amarya kaɗai za ka fito da shi. In kuma ka nace sai ka haɗa ango da abokansa a hoto guda, to sai dai ka hau kabu-kabu ka bi gudron kana ja da baya har ka hango tsaunin Dogon Dutsi, yara na biye da kai suna tsammanin kakakin sarki ka ɗauko.

Bari in faro maka mas'alar daga asalinta, ko da yake na san karatu bai taɓa zama abokinka ba. Malamin nan na Basra, Hasan Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya wallafa Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da ta wuce, shi ne ya tabbatar da hujja da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, saɓanin magabatan da suka ce ido ke jefa haske kan abin da yake kallo, ya kuma nuna haka da ɗaki mai duhu wanda aka huda wa ƴar ƙofa. A kan wannan ka'ida aka gina kamerarka, lambobi biyun nan kuma da ke rubuce a jikin kowane ido ba ado ba ne. Ta farko, mai milimita, faɗin gani take faɗa: in ta yi ƙanƙanta ido ya kwashi taro duka, in ta yi girma ya tsuke ya jawo na nesa. Ta biyu, wadda harafin f ke gabanta, girman ƙofar haske ce, ita kuwa a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, ta yadda f/2.8 ke shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, f/1.8 kuma ya kusa ninki goma. Ka ƙara da sanin cewa allon da hoto ke sauka a kansa cikin kamerarka ƙarami ne, saboda haka kowace lamba ta milimita sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san haƙiƙanin abin da za ta nuna maka. Idon da ya zo tare da ita, mai 18 zuwa 55, aibinsa ɗaya ne amma babba: da ka jawo, ƙofar haskensa ta tsuke daga 3.5 zuwa 5.6, sai hoto ya dushe a tsakiyar ɗauka, alhali rana ba ta motsa ba.

Ga fatawata, ka riƙe ta. Wajibi a kanka ido ɗaya ne mai jawowa da sakewa, wanda ƙofar haskensa ba ta canzawa daga farkonsa zuwa ƙarshensa, mai kuma na'urar hana rawar hannu a cikinsa. Ga irin kamerarka shi ne 17 zuwa 55 mai f/2.8, wanda in an ninka zai ba ka kamar 27 zuwa 88, abin da ya yi kusa da 24 zuwa 70 da masu babban allo ke yini da shi a nan Abijan. Mustahabbi shi ne ɗan ƙaramin nan tsayayye mai milimita 50 da f/1.8, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi, domin fuskoki bayan magariba. Abin da ya wuce waɗannan biyu, a halin da kake ciki, israfi ne, sai ranar da aka fara kiranka manyan zaurukan biki na Dosso ko Yamai, sa'an nan mu yi maganar 70 zuwa 200.

Dalilin da ya sa na ɗora komai a kan ido ɗaya shi ne abin da nake so ka fi kula da shi a duk takardar nan. A bikinmu, ladabi da kunya ne ke yanka wa mai kamera wurin tsayawa, ba shi ke zaɓa wa kansa ba. Da safe wajen ɗaurin aure, sa'ad da malamai da dattawa suka cika tabarmi, waliyyi da wakili suka fuskanci juna, aka ajiye goro da dabino a tsakiya, ba ka da ikon tsallake ƙafafun mutanen da suka haifi ubanka domin neman kusurwa mai kyau, ba ka kuma da ikon ce wa liman ya maimaita siga saboda kana canza ido. Nema da bayarwa da ambaton sadaki da shafa Fatiha duka ba su cika ƴan mintoci ba, kuma sau ɗaya ake yin su. Tilas ka tsaya a gefe inda matsayinka ya ajiye ka, ka saki ido ya kwashi jama'a har bakin hanya, sa'an nan, ba tare da ka ɗaga ƙafa ba, ka jawo hannun da ke miƙa sadaki, da bakin sanƙira yana shela, da tafukan da aka ɗaga. Da yamma kuma, wajen kamu da sa lalle da kai amarya, za ka tarar da kishiyar wannan hali: ɗaki ƙarami, an cika shi da jere, gado da kwalla da ƙawaye, bango na bayanka ba wurin ja da baya, a nan kuwa milimita 17 ce za ta cece ka. Sai dai ka kiyaye, kada ka kusanta fuskar mutum da ita, gama faffaɗan ido idan ya matso yakan kumbura hanci ya janye kunnuwa baya, gwaggonnin amarya kuwa za su yafe maka bashi, amma ba za su yafe maka wannan ba har tashin kiyama. Amaryar da ke kuka cikin mayafi ana yi mata nasiha, hakkinta ne a bar mata tazara. Ka tsaya daga bakin ƙofa ka jawo ta da 55, ko ka ɗaura ɗan 50 ɗin tun kafin a fito da ita, wanda zai fito da ita sarai ya dusar da abin da ke bayanta. Akwai ma ɗakunan da ba ido a duniya da zai halatta maka shigarsu, saboda haka ka koya wa ƙanwarmu riƙon kamera, ka biya ta ladanta cikakke, ba irin biyan da kake yi mini na shara ba.

Hujja ta biyu ƙura ce. Bukukuwanmu bayan kaka suke yawaita, lokacin da hunturu ya sauko da hazonsa, ga rairayin Dallol Mawri wanda ƴan rawa ke tayarwa da zarar kalangu ya ɗauka. Duk sa'ad da ka cire ido a irin wannan fili, ka buɗe cikin kamera ke nan ga ƙasa, ƙwayar da ta sauka a kan allo kuma za ta fito a goshin kowane mahaluki daga farkon fim har ƙarshensa, ango ya zo yana tambayarka wane ne ya yi wa danginsa tabo iri ɗaya. In canji ya zama dole, ka shiga ɗaki, ka kashe kamera, ka kifa bakinta ƙasa. Kada ka hura da baki, kada kuma ka goge da gefen rigarka kamar yadda na san za ka yi. Akwai ɗan famfon roba na hura iska da ƙyalle mai laushi, zan haɗo maka.

Rana ma tana da nata hukunci. Bidiyo a ƙasashenmu hoto 25 yake ɗauka a daƙiƙa, ƙiftawar kamera kuma ɗaya bisa 50 ake so ta zauna, wanda ya dace da kuran ɗinmu mai bugu 50, ya kuma rage maka walƙiyar fitilu da dare. To da wannan ƙiftawa, in ka buɗe f/2.8 da azahar a Kore, farar shaddar ango za ta ƙone ta koma fari fat ba zubi ba aiki, maɗinkin da ya kwana uku a kanta ya yi Allah ya isa. Maganinsa wani baƙin gilashi ne da ake kira ND, ana murɗa shi a bakin ido ana rage haske gwargwadon bukata, amfaninsa a gare ka ya fi na ido na uku. Da dare kuwa, in gurup ya mutu aka koma hasken tocila da na waya, ɗan 50 ɗin ne zai fitar da kai kunya, amma ka sani a f/1.8 abin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, mai rawa in ta yi taku ɗaya gaba ta fita daga saiti.

Na hannu zan saya maka, ba kuwa zan yi gaggawa ba, domin cutar idon kamera a bakin teku daban take da taku: a nan laima ce ke sa hunhuna ta tsiro a cikin gilashi, sai an haska tocila ta baya ake ganinta kamar zare-zare. Zan duba wannan, in duba ko zoben yana juyawa ba tare da cijewa ba, in saurari ƙarar injin saitinsa, gama mai ƙara yakan shiga cikin sauti ya haɗu da addu'ar liman. Kai kuma ka aiko mini da hoton bakin kamerar da lambar da ke jikinta, kada in sayo abin da ba zai ɗauru ba.

In har yanzu zuciyarka na wajen farin dogon nan, ka tuna da Umaru Ganda, ɗan ƙasarmu, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta wannan birni kafin Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda aka ɗauka a Tireshbil da ƴar kamerar hannu mai wani, da ba ta iya rabin minti ba a sake wana ta ba. Shi ne ya koma gida ya yi Le Wazzou polygame, labarin auren wani alhaji da yarinyar da zuciyarta ke wani wuri, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Kayan aikin da ke cikin jakarka yau sun fi nasu nesa ba kusa ba.

Kada ka ga na tsawaita ka ce ɗan gwaggo ya zama mai wa'azi. Mu da ke nan, da na Kwatano da Legas da Akara, bikin gida ba ya iso mana sai ta hannunka. A WhatsApp muke halartarsa, mu taru bayan isha'i mu kewaye waya ɗaya, kowa yana neman nasa. Abin da muke nema kuwa fuskoki ne: wa ya tsufa, wa ya rame, ɗan wa ne wancan da ya yi tsawo haka, wace tsohuwa ce ba a gani ba bana. Saboda haka idan ka gama da ango da amarya da masu liƙi, ka juya wajen tsofaffin da ke zaune a inuwa, ka tsaya a kan kowace fuska har a gane ta, ka daina wannan jawowa da sakewa da kake yi ba dalili har kan mai kallo ya yi ta juyawa. Ka kuma sani hoton matan mutane amana ce a wuyanka, masu biki kaɗai za ka miƙa wa, ba TikTok ba.

Kaya za su taso da wani ɗan garinmu mai zuwa gida kafin azumi, in Allah ya yarda. Sharaɗina biyu ne: kuɗin shara na shekara biyu, da kilishi wanda ba ka ɗanɗana a hanya ba. Ka gaishe da Kawu, ka ce masa shanunsa sun tsira. Ka gaishe da Inna, ka kuma gaishe da gwaggonka ka ce mata ina nan lafiya, in kuma za ka ɗauke ta a bikin gidan liman, ka bari ta gyara kallabinta tukuna.

Haza wasalam.

Naka, ɗan gwaggonka, mai bin ka bashi.