Na'urar da ba ta iya gaisuwa ba

Jiya bayan isha'i a teburin mai shayi, yaron Alhaji na ƙarshen layi, wannan da ya karanta kwamfuta, ya zo yana ƙorafi. Wai ya haɗa wa babansa na'urar amsa saƙo a WhatsApp don masu sayen atamfa da shadda a Kantin Kwari, amma mutanenmu sun hana ta sakat.

Tsaf ya tsara ta, reshe-reshe kamar bishiya: danna 1 ka ga atamfa, 2 shadda, 3 lambar asusu. To wa ya gaya masa Bahaushe yana buɗe magana da lamba? Mu "slm" muke fara turawa, sai "ykk", sai ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Ita kuwa duk amsarta ɗaya ce: "Ban gane ba, zaɓi 1 zuwa 3." Wata Hajiya har waya ta buga wa Alhaji, wai sabon yaron shagonsa ba shi da tarbiyya.

Muka kwashe da dariya. Mai shayi ya ce, "Kai yaro, ka sa mata reshen tayi?" Ya ce a'a, Kawu, ai kuɗin a rubuce yake. Ashe nan ma ya yi kuskure. Mu ko an rubuta farashi da ruwan zinare sai mun taya, sai an ce mana albarka sau biyu kafin mu yarda ciniki ake yi. Sannan ga "to". Akwai "to" ta na yarda, akwai ta zan yi shawara, akwai wadda daga ita ba ka ƙara ganin mutum. Yaron ya ɗauke su duka a matsayin an sallama, sai na'ura ta yi ta tura wa bayin Allah lambar asusu.

Malamin makarantar da ke zama da mu ya ce ai tun 1966 wani Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiri irinta a jami'ar MIT ta Amurka, ELIZA, wadda take juya maganarka ta maido maka da ita tambaya, mutane kuma suka riƙa buɗe mata cikinsu. Mai shayi ya ce to waccan ta fi taka wayo, aƙalla tana sauraro.

Babbar matsalar ma saƙon murya ce. Rabinmu ba ma rubutu, danna makirufo muke yi mu zuba bayani na minti uku, launin atamfar kuma a can ƙarshe.

Shawarar majalisa dai: ya zauna a shagon babansa mako guda da littafi, ya rubuta yadda masu saye ke magana, ya sa gaisuwa a farko, ya bar ƙofar da mutum zai ce a ba shi Alhaji da kansa. Ya ce ranar Asabar zai fara. Kuɗin shayinsa ma bai biya ba ya tafi.