Kamu, Kare da Kacalla

Mu mutanen Guri, kafin mu fusata da magana sai mun duba bakin da ta fito. Ruwan kogin Haɗejiya ne ya tara mu a fadama ɗaya, Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani, kowa da harshensa, kasuwa kuwa ɗaya.

Masunci ya fito daga ruwa da gora da koma, ka ce masa, "Malam, yau an yi kamu?" Tarwaɗa da karfasa kake tambaya. To idan Bamange na kusa, sai ka ga yana murmushi, don a harshensa na Barbarci "kamu" mace ce. Nan take zai ce, "Kai, a ruwa ake samo su yanzu? Ba sadaki?" Shi ke nan, an samu abin dariyar yini.

Haka "kare". A bakin Babarbare kaya ke nan. Baƙon da ya ji ana cewa a ɗora kare a amalanke sai ya fara waige-waige, yana neman mai haushi. "Da" kuma nama ne a wurinsu, saura ƙiris ya zama ɗan da muke haifa. Shi ya sa Fulani, abokan wasan Barebari, ba sa rasa abin tsokana a gaban mahauci.

Ai ko sarauta ba ta tsira ba. Mu "mai" na gyaɗa ne ko na mota, ko mai gida. Amma ka gangara Gashuwa ka ji an ce Mai Bade, to sarki ake nufi, kamar yadda ake kiran sarakunan Borno na Ngazargamu. Kacalla ma muƙami ne babba a Borno, na jagoran mayaƙa. Yau ka ce "kacalla" a Guri ko Nguru, manomin shinkafa zai yi tsaki, don ciyawar nan ce da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki.

Yaranmu masu waya sun ƙaro mana wata: wai a Suwahili "kaka" yaya ne namiji. Wata Hajiya ta ce ita dai ba ruwanta, jikokinta su ci gaba da kiranta Kaka, in ya so mutanen Kenya su ji da nasu.